Kukan Lalacewar Turanci da Abin da Yake Rufewa: Duba daga Ƙasar Gaya da Ajingi

Daga cikin koke-koken da ba sa tsufa a bakin 'yan bokon Arewacin Nijeriya, musamman tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan da suka ajiye aiki, akwai kukan cewa Turanci ya lalace, har ta kai wanda yake riƙe da takardar digiri ba ya iya rubuta wasiƙar neman aiki ba tare da ya karya ƙa'idar nahawu tun a layin farko ba. Abin da ake nufi da nahawu shi ne tsarin da harshe yake bi wajen jera kalmomi domin su ba da ma'ana, kamar dacewar aikatau da aikau, wato kalmar aiki da wanda ya yi aikin, da nuna lokacin da abu ya auku, da bambance tilo da jam'i. Masu wannan kuka ba su rasa abin nunawa ba, domin shaidarsu tana manne a allunan shaguna da fastocin 'yan siyasa da katunan ɗaurin aure, tana cikin sanarwar da ake fitarwa daga ofisoshi, tana kuma gudana a ƙasan finafinan Hausa, inda fassarar da ake rubutawa da Turanci ta daɗe da zama abin dariya ga masu kallo. Sai dai duk wanda ya ce abu ya lalace ya riga ya yi da'awar cewa a da lafiyarsa ƙalau, kuma wannan da'awa tana buƙatar a tsaya a kanta, musamman idan aka bar birnin Kano aka nufi gabas, aka dubi lamarin daga gari irin Toranke. Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne cewa raunin Turanci a irin wannan wuri gaskiya ne kuma yana cutarwa, amma tushensa yana ga yadda aka buɗe ƙofar makaranta ga jama'a ba tare da an tanadi malamai da littattafan da za su sa harshen ya zauna a baki ba, saboda haka ƙarin darasin nahawu da ƙarin faɗa ga ɗalibai ba za su kai gare shi ba.

Toranke ɗaya ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Ajingi, wadda take maƙwabtaka da Gaya da kuma jihar Jigawa, wadda kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura 170,000. Ƙasa ce ta noman gero da dawa da wake da gyaɗa, da kiwo, da tafiya cirani idan an kawar da amfanin gona. Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce, a ina ne Turanci yake zaune a rayuwar irin wannan gari? Ciniki a kasuwa da Hausa ake yin sa, haka wa'azi, haka sulhu a ƙofar gidan dagaci, haka labaran da ake saurare a rediyo safe da yamma. Fulatanci yana da wurinsa a rugage, Larabci kuma yana da nasa a makarantun allo da na Islamiyya. Turanci yana fitowa ne a wurare ƙididdigaggu, wato allon aji, da takardar jarrabawa, da fom ɗin banki, da saƙon da yake shigowa waya idan an turo kuɗi, da rubutun jikin kwalin magani da buhun taki, da takardar da ta fito daga sakatariya. Masana koyon harsuna suna bambanta harshe na biyu, wanda mutum yake ji a kewayensa yana kuma biyan buƙata da shi ko da ba a cikinsa aka raine shi ba, da baƙon harshe, wanda ba ya haɗuwa da shi sai a cikin aji. A takardun gwamnati Turanci harshe na biyu ne ga ɗan Nijeriya, kuma haka yake ga yaron Legas ko Fatakwal ko Sabon Garin Kano, amma ga yaron Toranke baƙon harshe ne tsantsa, alhali manhajar da ake koyar da shi da jarrabawar da ake auna shi duka an gina su ne a kan zaton farko.

Zamanin kyakkyawan Turanci da ake begensa ya wanzu da gaske, sai dai ya kamata a san iyakar faɗinsa. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa, domin Turawan mulki ba su so Turanci ya bazu barkatai a Arewa ba, saboda gudun irin 'yan bokon da suka hana su sakat a Legas. Turanci mai zurfi sai a Kwalejin Katsina, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa ta yau. Ɗalibanta 'yan ƙalilan ne da aka tsamo daga larduna, a makaranta suke kwana su tashi, Turawan Ingila ne suke koyar da su suna gyara musu lafazi kalma bayan kalma, kuma daga cikinsu aka sami Ahmadu Bello da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daɗin muryarsa da tsabtar Turancinsa suka jawo masa laƙabin mai muryar zinariya. Har zuwa 1957, shekara uku kafin samun mulkin kai, ɗaliban sakandare a duk faɗin Jihar Arewa ba su kai 4,000 ba. Ashe ke nan idan aka ɗora Turancin ɗan sakandaren yau a kan sikeli ɗaya da na wancan zamani, ana auna yaro ne na gama-gari da zaɓaɓɓen da aka tace daga cikin dubbai, alhali ainihin takwaran yaron ƙauye na yau a 1957 bai taɓa leƙa aji ba, balle a kama shi da laifin karya nahawu. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma barar da ake tunawa a nan ta mutane kaɗan ce ƙwarai.

Abin da ya sauya lissafi shi ne shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka sani da UPE, da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a Satumbar 1976. An yi hasashen yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya a shekarar farko, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana, aka shiga ɗaukar malamai cikin gaggawa ana ba su horo na ɗan lokaci, aka tura su ƙauyuka. Shekara goma bayan haka tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, littattafai suka yi tsada, albashin malami ya zama abin tausayi, masu ƙwazo suka riƙa barin alli suna neman wata sana'a. Daga baya kuma aka yi ta rufe kwalejojin horon malamai masu ba da takardar daraja ta biyu, irin wadda aka yi a Wudil, inda ɗalibi yake shafe shekaru a makarantar kwana ana koya masa yadda ake koyar da ƙaramin yaro karatu, aka mayar da takardar NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Takardar ta fi ta da girma a suna, amma sau da yawa waɗanda suke neman ta su ne waɗanda jami'a ba ta ɗauka ba. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin ɗari da aka gindaya. An yi ta jayayya a kan adalcin gwajin da korar da ta biyo baya, amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa waɗannan malamai su ma ɗaliban irin azuzuwan nan ne, kuma sun mayar da abin da aka ba su ne.

Shi kansa kukan ba sabon abu ba ne, kuma bai keɓanta ga Nijeriya ba. Jonathan Swift ya rubuta takarda a 1712 yana neman a kafa hukumar da za ta tsare Turanci daga lalacewa, Robert Lowth ya wallafa littafin nahawunsa a 1762 yana tsamo kurakurai daga rubutun manyan marubutan Ingila, har James da Lesley Milroy suka nuna a 1985 cewa wannan ƙorafi al'ada ce mai zaman kanta da kowane zamani yake gada daga wanda ya gabace shi. Larabawa ma sun riga su, domin Hariri mai Maƙamat ya yi littafi sukutum, Durratul Gawwas, a kan kurakuran da manyan masu ilimi na zamaninsa suke yi. Tsufan kuka ba ya mayar da shi ƙarya, amma yana tilasta wa mai bincike ya tace abin da ake kira kuskure kafin ya ƙirga shi.

Idan aka tace, za a tarar kaso mai yawa na abin da ake tsangwama ya riga ya zama karin harshe, wato nau'in Turanci da 'yan Nijeriya suka daidaita a kansa a tsakaninsu. Ayo Banjo ya kasa Turancin Nijeriya gida huɗu tun 1971 gwargwadon yadda ake fahimtarsa da yadda ake karɓarsa, Munzali Jibril ya nuna a binciken digirinsa na uku a Lancaster a 1982 cewa lafazin Bahaushe yana da tsarinsa da ya bambanta da na 'yan kudu, David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya tattara irin waɗannan salo a littafinsa na 1991, kuma a Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Nijeriya, har da Kannywood. Kaso na biyu shi ne na katsalandan ɗin harshen uwa, wato inda mai magana yake zuba kalmomin Turanci a cikin ginin Hausa. Wanda yake fita daga ɗaki yana cewa "I am coming" ya ɗauko "ina zuwa" ne ɗungurungum. Wanda aka tambaya da Turanci ko bai je wuri ba ya amsa da "yes" yana nufin bai je ba ya bi ƙa'idar Hausa ce daidai, inda "e" take gaskata maganar mai tambaya. Haka nan wahalar da Bahaushe yake sha wajen raba p da f ta samo asali ne daga cewa sauti ɗaya ne yake tsaye a wurinsu a harshensa. Irin wannan kuskure yana da tsari, ana iya hango shi tun kafin a yi shi, kuma malamin da ya san nahawun Hausa ya fi kowa iya gyara shi, abin da ya sa al'adar cin tarar ɗalibin da aka kama yana Hausa a harabar makaranta ta zama wauta ninki biyu.

Kaso na uku ne yake da ban tsoro, kuma shi ne masu kuka suka fi yin sakaci da shi, domin ba ya ba da dariya. Shi ne na ɗalibin da ya gama sakandare amma ba zai karanta sakin layi guda ya faɗi abin da ya ƙunsa ba, ba kuma zai rubuta jimla uku masu bin juna ba. Ibn Khaldun ya yi bayanin wannan hali a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, inda ya bambanta sanin dokokin nahawu da abin da ya kira malaka, wato ƙwarewar da take zama jiki ta hanyar yawan ji da yawan maimaita magana ingantacciya. Ya kawo misalin mutumin da zai iya bayyana yadda ake zura zare a allura a haɗe bakin ƙyalle biyu, amma idan aka miƙa masa allurar ba zai ɗinka komai ba, ya kuma lura cewa da yawa daga masanan nahawu na zamaninsa ba sa iya rubuta wa ɗan'uwansu layi biyu ba tare da kuskure ba. Wanda ya tsaya a bakin tagar aji huɗu a makarantar ƙauye zai ga wannan da idonsa. Malami zai kwafe darasi daga littafi ɗaya tilo da yake hannunsa zuwa allo, yaran da suke da biro su kwafe daga allo zuwa takarda, sannan ya karanta ma'anar suna da Turanci su amsa baki ɗaya da ƙarfi, ya sake su sake, har muryarsu ta kai bakin titi, daga nan ya juya ya yi musu ɗan bayani da Hausa kafin a kaɗa ƙararrawa. Yaron da ya fito daga wannan aji zai jero rabe-raben kalmomi takwas ba tare da tuntuɓe ba, amma bai taɓa jin an karanta masa labari da Turanci daga farko zuwa ƙarshe ba, bai kuma taɓa riƙe littafin hikaya nasa na kansa ba. Nahawu bai yi masa ƙaranci ba, kusan ma shi kaɗai aka ba shi.

Abin mamaki shi ne cewa ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wata hanya ta koyar da baƙon harshe, kuma tana nan a zaurukan malamai a Gaya da Ajingi kamar yadda take a Madabo ta birnin Kano. Ɗalibin ilimi ba ya fara Larabci da Ajurumiyya ko Alfiyyar Ibn Malik; yakan bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, malami yana karanta nassi yana fassara shi da Hausa kalma bayan kalma, har kunnen ɗalibi ya cika da jimlolin Larabci, sannan a zo a gaya masa sunayen dokokin da ya riga ya saba da su. Wannan tsari yana da nasa rauni, musamman wajen magana da baki, amma shi ne ya fitar da irin su Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta Bahrul Muhiɗ a fannin nahawu, kuma bai taɓa ɗaukar Hausa ko Fulatanci a matsayin abokan gabar Larabci ba.

Ana yawan ɗora laifin a kan wayar hannu da gajerun saƙonni, amma wannan barin jaki ne ana dukan taiki. Ga matashin ƙauye waya ce wuri na farko da ya taɓa yin rubutu don ra'ayin kansa, kuma mafi yawan abin da yake rubutawa a WhatsApp da Facebook Hausa ce ko Ingausa, wato cakuɗa Hausa da Turanci a zance guda. Wanda ya duba wannan rubutu zai ga ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana rubuta "yace" a maimakon "ya ce", ana zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, babu aya babu waƙafi, duk da cewa an daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Tun da rauni iri ɗaya ya bayyana a harshen da yaro ya tashi da shi, to ciwon na rubutu da karatu ne baki ɗaya, Turanci kuwa shi ne kawai wurin da manya suke dubawa. Jarrabawa ma ba ta taimaka ba, domin kiredit a Turanci ya zama mabuɗin shiga jami'a, sai neman makin ya rabu da neman harshen: tambayoyin JAMB duka na zaɓi ne a kwamfuta, har gwajin lafazi na WAEC ba da baki ake yin sa ba, ga kuma cibiyoyin da iyaye suke biya domin a ba 'ya'yansu amsa. A 2025 WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta ce an sami kuskure wajen maki ta mayar da adadin kashi 62.96, wanda hakan ya isa ya sa mai nazari ya yi hattara da auna lafiyar harshe da sakamakon shekara guda.

Akwai masu mayar da martani da cewa Turanci ba shi ne ilimi ba, suna kafa hujja da Sin da Japan da Iran, da kuma cibiyoyi irin Engausa a Kano da suke koyar da fasahar zamani da Hausa. Maganar tana da gaskiya a cikinta, amma ba ta sauke wa yaron Toranke kayan da ke kansa ba. Waɗancan ƙasashe da harsunansu suke shari'a da mulki da koyar da likitanci, a Nijeriya kuwa sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya rataya amfani da Hausa da Ibo da Yarbanci a Majalisar Tarayya a kan sai an yi tanadin da ya dace, sashe na 97 kuma ya sa Turanci ne harshen majalisun jihohi sai idan majalisa ta yarda ta ƙara wani. Muddin haka abin yake, wanda bai iya karanta sharuɗɗan bashin banki ko gargaɗin da ke jikin maganin feshi ba shi ne yake biyan kuɗin raunin, wani lokaci da gonarsa, wani lokaci da lafiyarsa. Kuma ba a rasa lura da cewa da yawa daga masu raina Turanci a bainar jama'a 'ya'yansu suna makarantun kuɗi inda ba a jin komai sai shi. Idan akwai inda kukan lalacewa ya dace sosai, to a ofisoshi ne da gidajen jaridu da ɗab'i, domin waɗannan suna da hali da ma'aikata, kuma takardar da ta fito da hatimin hukuma ita ce abin koyi ga wanda ba shi da wani littafi.

Manufar ilimi ta ƙasa, tun fitowarta ta farko a 1977, ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na jama'ar da yake cikinta kafin a koma Turanci, daga baya aka ƙayyade shekara uku na farko. A Nuwamban 2022, lokacin ministan ilimi Adamu Adamu, aka amince a kai shi shekara shida, sannan a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari da mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe, yana danganta faɗuwar jarrabawa da yawan amfani da harshen uwa. Gwajin da aka yi a Ife daga 1970 zuwa 1978 a ƙarƙashin Babs Fafunwa ya nuna akasin haka, domin yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida, aka kuma ba su Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su a wasu darussa. Sharaɗin nasarar Ife shi ne malamin da aka horar da littafin da aka rubuta domin aikin, kuma waɗannan biyu ne ba su isa azuzuwan karkara ba a ƙarƙashin kowace manufa, ko da yake dokar ta-ɓaci a kan ilimi da gwamnatin Kano ta ayyana a Yunin 2024 amincewa ce da girman giɓin. Sanarwar da aka yi a Abuja ba za ta sauya harshen da malamin aji biyu a Toranke yake bayani da shi ba, domin ba shi da wata hanyar da zai sa yara su gane shi. Zai ci gaba da rubuta Turanci a allo yana fassarawa da Hausa kamar yadda ya saba, sai dai yanzu yana yin haka ne a saɓanin umarni, kuma babu wata hukuma da za ta ga dalilin buga masa littafin Hausa na lissafi ko na kimiyya, ko ta horar da shi yadda ake ƙetarar da yaro daga wannan harshe zuwa wancan.